Yadda Ake Sulhu a Kan Riƙon Yaro Ba Tare da Shiga Kotu Ba

Wata ranar Laraba bayan sallar isha'i na hangi ɗiyar ƙanwata a bakin tasha, farantin dafaffiyar gyaɗa a ka, ƙafa ba takalmi. Shekararta takwas a lokacin. Da ta gan ni sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Kawu, ina wuni," da muryar wanda aka kama da laifi. Na tambaye ta makaranta, ta ce tun bayan ƙaramar sallah ba ta koma ba. Ubanta ya karɓe ta ne ranar da uwarta ta yi wani aure, ya damƙa wa amaryarsa, shi kuma direban babbar mota ne, yakan yi sati biyu bai kwana a gida ba. Da na kai wa ƙanwata labari sai ta fashe da kuka ta ce, "Yaya, gobe kotu zan kai shi."

Ba mu je kotu ba. Zama uku muka yi cikin wata huɗu, biyu suka watse, na ukun ya tsaya. Kotu haƙƙin kowa ce, kuma akwai maganar da ba ta da wani gida sai can. Amma wanda ka kai wa sammaci da wuya ku sake cin tuwo kwano ɗaya, yarinya kuwa tana buƙatar gidajen biyu har ƙarshen rayuwarta: uban nan shi ne waliyyinta ranar aure, uwar nan ita za ta zauna mata ranar haihuwa. Matakan da ke ƙasa daga zamanmu na tsince su, da wasu zaman da aka gayyace ni daga baya.

Mataki na 1: A tabbatar maganar ta sulhu ce

Wannan ya riga komai. Ana sulhu a kan wanda zai riƙe yaro bayan saki ko rasuwa, da ciyarwa, da kuɗin makaranta da na magani, da hana uwa ko uba ganin ɗansu, da ɗora wa yarinya talla, da kai yaro almajirci ba da yardar uwarsa ba, da 'yar riƙon da aiki ya fi ƙarfinta.

Ba a sulhu a kan fyaɗe ko lalata da yaro, ko dukan da ya karya ƙashi, ko ƙona hannu da wuta, ko kulle yaro a ɗaki da yunwa, ko sayar da shi. Na san abin da za a ce, don an sha faɗa a gabana: "A rufa asiri, ɗan'uwa ne," ko "A kashe maganar, kada yarinya ta rasa miji." Duk zaman da ya ƙare da an biya kuɗin magani an yi addu'a an tashi, ya bar mai laifi da hanyar komawa, ya kuma koya wa yarinyar cewa mutuncin gida ya fi ta daraja. Hadisi ya ce sulhu halal ne tsakanin Musulmi, sai dai sulhun da ya halatta haram ko ya haramta halal.

Idan lalata ce, a wuce asibiti kafin a yi wa yaron wanka ko a wanke tufafinsa, domin shaida tana jikinsu. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki. A Kano akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala, a Kaduna akwai cibiyoyin Salama, a Sakkwato akwai ta Nana Khadija, duk don irin wannan aka buɗe su. Daga nan a sanar da 'yan sanda. Idan fataucin yara ne, hukumar yaƙi da fataucin mutane ta ƙasa, wato NAPTIP, ita ce ke da maganar. Dangi suna da aiki a nan ma, aikinsu shi ne su nisanta yaron daga wanda ya cuce shi, su raka shi asibiti da wurin hukuma.

Mataki na 2: A sama wa yaron wurin kwana tun yau

Shirya sulhu yana cin makonni, yaro kuwa kullum sai ya ci ya kwanta. A nemi gidan da duka ɓangarorin ba za su ce an yi musu fin ƙarfi ba, a ajiye shi can na ɗan lokaci, a faɗa a fili cewa wannan ajiya ce kafin zama. Mu gwaggon yarinyar muka roƙa, yayar uban, don mun san ba zai ce an sace masa 'ya ba idan tana ɗakin yayarsa. Kada a ɗauke yaro a ɓoye daga makaranta ko daga hanya. Wanda ya yi haka ya ba ɗaya ɓangaren hujjar zuwa caji ofis, kuma ya tsorata yaron.

Mataki na 3: A zaɓi mai shiga tsakani

Zamanmu na farko ni na jagorance shi, kuma kuskure ne. Ni kawu ne, zuciyata tana tafasa, duk abin da na faɗa kunnen uban yana jin sa a matsayin maganar gidan tsohuwar matarsa. Ba a yi rabin awa ba ya kaɗe rigarsa ya fita.

Mai sulhu sai wanda ɓangarorin biyu suka ambaci sunansa suka yarda. Ya kasance mai riƙe sirri, mai jure sauraro, wanda ba ya cin abinci a hannun ɗayansu. Limamin da uban ke biya wa kuɗin wutar masallaci mutumin kirki ne, amma nauyi zai hana shi faɗin gaskiya. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta ba da tsari a rikicin ma'aurata: mai sulhu ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginta. Tsarin yana aiki a nan, sai a ƙara da na uku wanda ba dangin kowa ba, kamar mai unguwa, ko limami, ko fasto idan gidan Kirista ne. Lallai a samu mace dattijuwa a cikinsu. Akwai abin da uwa ba za ta iya faɗa a gaban maza ba ko da zai sa ta rasa 'yarta.

Idan unguwa ta gagara, akwai ofisoshin Hisbah, waɗanda a Kano doka ta kafa hukumarsu a 2003, kuma sasanta iyali yana cikin aikinsu na kullum. Akwai jami'an walwalar jama'a a ƙananan hukumomi, da sashen yara a ma'aikatar mata ta jiha. Duk waɗannan sasantawa suke yi, yanke hukunci na alƙali ne.

Mataki na 4: A san abin da shari'a ta ce, sannan a bi kowa gida

Rabin rikicin riƙo jahilci ne ke hura shi. Da yawa daga mazanmu sun ɗauka da an yaye yaro, ko da ya kai shekara bakwai, ya zama na uba. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan Musulunci na arewacin Najeriya ke bi, riƙon da malamai ke kira hadana na uwa ne bayan saki: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Idan uwar ta rasu, ko ta auri wanda ba muharramin yaron ba, riƙo yana komawa ga mahaifiyarta, sannan 'yar'uwarta, kafin a gangaro ɓangaren uba. Da sharaɗin mai riƙon tana da hankali da amana da iko da amintaccen wuri. Ciyarwa da tufatarwa kuwa suna wuyan uba, ko a hannun wa yaron yake. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ce kada a cutar da uwa saboda ɗanta, kada kuma a cutar da uba saboda ɗansa.

Imamu Malik ya ruwaito cewa Sayyidina Umar ya tarar da ɗansa Asim yana wasa a Ƙuba bayan ya rabu da uwar yaron, ya ɗauke shi ya ɗora a kan dabbarsa, kakar yaron ta biyo shi suna jayayya har gaban Sayyidina Abubakar. Abubakar ya ce ya bar mata shi, Umar bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Wannan labarin ya sanyaya zuciyar surukinmu, uban yarinyar, fiye da duk wata barazana, domin ya ga ba ƙasƙanci ba ne namiji ya sakar wa kaka riƙo.

Dokar ƙasa ma ta zo daidai da wannan manufa. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta buɗe da cewa a duk abin da za a yi game da yaro, maslaharsa ce a gaba. Jihohi kowace tana yin tata, Kano ta samu tata a 2023.

Da wannan ilimi mai sulhu zai je gidan kowa shi kaɗai, kafin a haɗa su. Ya bar mutum ya amayar da abin da ke cikinsa har ya gaji, sannan ya tambaye shi abu biyu: me kake tsoro, kuma me kake so wa yaron nan nan da shekara biyar? A nan ake gano ainihin ciwon. Surukinmu ba riƙon ne ya dame shi ba. Cewa ya yi, "Malam, 'yata ba za ta yi agolanci a gidan wani ƙato ba, ina raye." Ƙanwata kuma ba ta nace sai yarinyar ta zauna a ɗakinta ba, so take a sauke mata farantin talla ta koma aji. Da aka jera maganganun biyu sai ga gidan kaka ya fito da kansa. Mai sulhu kada ya kwashi zagin wannan ya kai wa wancan. Abin da zai ɗauka daga gida zuwa gida shi ne buƙata kawai.

Mataki na 5: A ji ta bakin yaron

Nan ne aka fi yin sakaci, don mun saba cewa yaro ba ya magana a gaban manya. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a wannan rikicin yaron ne mai ɗakin.

Kada a tsayar da shi a tsakiyar zaure a ce, "Faɗa mana, wa kake so, babanka ko mamarka?" Wannan tambayar zalunci ce. Duk amsar da ya bayar zai ɗauke ta a matsayin cin amanar ɗaya daga cikinsu, kuma zai koma ya kwana a gidan wanda bai zaɓa ba. A sa wata babba da ya saba da ita ta zauna da shi a keɓe, suna wani ɗan aiki tare, ta bi da shi a hankali. Wa ke ba ka abinci da safe? A ina kake kwana, da su wa? In ba ka da lafiya wa kake gaya wa? Me kake so ya canza? Kada ta sa masa magana a baki, kada ta nuna firgita, kada ta yi masa alkawarin abin da ba a yanke ba.

Gwaggon yarinyarmu tana yi mata kitso ne ta ji komai. A nan ta ga tabon bulala a bayan wuyanta, ta kuma ji cewa ranar da gyaɗa ta yi kwantai ba a ba ta tuwon dare. Yarinyar ta roƙi abu ɗaya, kada a gaya wa babanta a gaban matarsa. An kiyaye mata wannan. Idan a irin wannan hira aka ji abin da ya shiga sahun laifuffukan mataki na farko, a dakatar da shirin sulhu nan take.

Mataki na 6: A tsara zaman

A gayyaci waɗanda za su ɗauki wani nauyi: iyaye biyu, kakanni, kawu, baffa, gwaggo, inna. Mutum takwas zuwa goma sun isa. 'Yan kallo da masu zuga a bar su a gida. Matar uba da mijin uwa a ji ta bakinsu tun kafin ranar, domin yaron zai shiga gidajensu, amma zamansu a wurin yakan tayar da kishi. Zamanmu na biyu a kan haka ya watse. Wuri ya zama na tsakani, kamar zauren mai unguwa, a sa lokaci bayan la'asar ko da hantsin ranar hutu, yadda ba mai duban agogo. Idan uwar tana tsoron tsohon mijinta saboda duka, kada a tilasta mata zama ɗaki ɗaya da shi. Mai sulhu ya riƙa kai-komo tsakanin ɗakuna biyu.

Mataki na 7: Ranar zama

A buɗe da addu'a. Mai sulhu ya shimfiɗa ƙa'ida tun farko: ba katse magana, ba zagi, ba ɗaukar murya a waya, abin da aka faɗa a nan ya tsaya a nan. Mai unguwarmu ya ƙara da wata wadda na riƙe har yau. Ya ce, "Aure ya mutu, ba shi muka zo tonowa ba. Duk wanda zai yi magana ya fara da sunan yarinyar." Duk lokacin da wani ya karkata zuwa kayan ɗaki ko wanda ya fara cin amanar wani, sai ya ɗaga hannu ya maido shi.

A fara da halin da yaron ke ciki, dalla-dalla, ba tare da nuna yatsa ba: rabonta da makaranta wata biyar, tana kai wa ƙarfe tara na dare a tasha, ga abin da malamin ajinsu ya ce. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sannan uwa ta yi magana da bakinta. Kada a ce waliyyinta ya wadatar, sau da yawa waliyyi yakan yafe abin da ba nasa ba don a ce shi mai kawaici ne. Sai uba, sai sauran. A kula da kalmar "a yi haƙuri". Kalma ce mai kyau, amma a zauren sulhu kusan kullum wanda ya fi rauni ake jefa wa ita. Duk wanda ya ce a yi haƙuri, a tambaye shi me ɗaya ɓangaren zai sauke a madadin haka.

Bayan an gama jin kowa, mai sulhu da duk wanda ba dangi ba su fita, su bar iyalin su kaɗai su fito da shawara. Ƙasar Niyu Zilan ta mai da wannan doka tun 1989, bayan al'ummar Mawori, 'yan asalin ƙasar, sun koka cewa hukuma tana raba su da 'ya'yansu ba tare da an tuntuɓi dangi ba. A tsarinsu jami'ai suna bayani, su fita, dangi su tsara mafita, sannan a dawo a duba ko ta kare yaron. Hikimar a bayyane take: abin da mutum ya furta da bakinsa a gaban 'yan'uwansa ya fi jin kunyar saɓa shi. A namu zaman, cikin wannan keɓewar ne baffan yarinyar ya dubi ƙanensa ya ce, "Kai ba ka gida, ka bar wa tsohuwa ita, ni na ɗauki kuɗin makaranta in ka gaza."

Idan an dawo, mai sulhu ya auna shawarar da tambaya ɗaya: yaron zai kwana lafiya, ya ƙoshi, ya je makaranta a ƙarƙashin wannan tsari? In amsar a'a ce, ya mayar da su ko da kowa ya riga ya yi murmushi.

Mataki na 8: A rubuta

Sulhun baki yana tashi tare da tabarmar da aka zauna a kai. A rubuta da Hausa, a karanta da ƙarfi kowa ya ji. "Uba zai riƙa taimakawa gwargwadon hali" ba yarjejeniya ba ce. A rubuta nawa, ranar nawa ga wata, ta hannun wa. Saboda tashin farashi, mu da kwano muka ƙayyade hatsi, kuɗin cefane kuma aka ce za a sake duba shi duk wata shida. Kuɗi ya bi ta banki ko ta hannun mutum ɗaya da aka ambata, don a samu shaida. Kuɗin makaranta a biya makarantar kai tsaye a ajiye rasit.

Sai ziyara: wace rana yaron zai je wurin uba, wace rana wurin uwa, wa zai kai shi, wa zai dawo da shi, ina zai yi ƙaramar sallah, ina zai yi babba, yaya za a raba dogon hutu. A rubuta wanda zai biya in ciwo ya taso da dare, da wanda zai ajiye takardar haihuwa da katin asibiti. A rubuta abin da aka hana ƙarara: ba talla, ba tafiya da yaron wani gari sai da sanin ɗayan, ba zagin uwa ko uba a kunnensa. A sa sunan wanda ya tsaya wa kowane ɓangare, da ranar da za a sake zama. Kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, shaidu biyu su sa nasu, mai unguwa ya buga hatimi, kowane gida ya tafi da kwafi.

In ana tsoron wani zai juya baya, ɓangarorin biyu su ɗauki takardar su kai gaban alƙali su nemi ya tabbatar da ita a matsayin hukuncin da aka yi da yardar juna. Daga ranar ta zama abin da kotu za ta iya tilastawa.

Mataki na 9: A bi sawu

Zumunta a ƙafa take, sulhu ma haka. A naɗa mutum biyu, ɗaya daga kowane gida, su riƙa leƙa yaron ba tare da sanarwa ba. Su duba jikinsa da littattafansa, su tambayi malamin aji ko yana zuwa, su zauna da shi su kaɗai na ɗan lokaci. A sake zama bayan wata ɗaya, sannan bayan wata uku.

Za a saɓa wani abu, kada wannan ya sa a ce sulhu ya rushe. A wata na uku hatsinmu bai zo ba, ƙanwata ta kira ni ranta a ɓace. Maimakon mu kira uban, baffa muka kira, tunda shi ya tsaya masa. Ashe mota ce ta lalace a hanya. Kwana huɗu aka kawo buhu, aka rubuta ranar a bayan takardar.

Idan saɓawar ta zama ɗabi'a, ko aka hana masu bin sawu ganin yaron, ko tabo ya sake bayyana a jikinsa, lokacin kotu ya yi, kuma kada wani ya sa uwa ko kaka jin kunyar zuwa. A tafi da takardar yarjejeniya, da takardar saki, da takardar haihuwar yaron, da rasit da shaidar turo kuɗi, da rahoton asibiti in akwai, da shaidun da suka sa hannu. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta ƙasa, wato Legal Aid Council, ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA a babban birnin jiharsa, dukansu suna karɓar irin wannan ƙara kyauta ga marasa hali.